Saƙo ga Arzika na Jega

Ranar Talata, gab da la'asar,
ina durƙushe kan tayar tirela a bakin titin Koko,
sai abu ya faɗo gefen bahon da nake neman hudar taya.
Tantabara ce, fara, da ɗigon toka a wuya.
Ta tsoma baki cikin ruwan nan mai warin roba,
ta sha, ta sha,
kamar wadda aka yi wa rowa tun daga kogi.

Nomau ya kama ta bai ko yi gudu ba.
Fiffiken hagu ya saki, ga sawun farcen shaho,
ƙashin ƙirji kamar bakin wuƙa.
A ƙafarta shuɗin zobe,
lambobi goma sha ɗaya, rubutun mai natsuwa.

Na kira, ka ɗauka.
Ka ce, "Tawa ta. Daga Yawuri munka sake su, talatin da biyu,
ita ɗai ta rage. Riƙe min, ina nan tahe Jumu'a."

Jumu'a ta zo, ta naɗe tabarmarta ta tafi.
Wata ma ta zo.

Kwalin sabulu muka huda mata.
Hajo ta rage geron kunun safe,
ta shafa mata man kaɗe da tsinken ashana.
Nomau kuwa da kwalin yake kwana,
saboda kyanwar gidan mai wanki
ta soma zaman gadi a kan katanga.

Kira na uku ka daɗe kafin ka ɗauka.
Ka ce kuɗin mota sun fi kuɗinta,
ka ce wadda ta faɗi sau ɗaya ta gama tashi,
mu yanka mu sha romo.
Har ka yi dariya, kamar ka yi mana kyauta.

Arzika, ba ita ta ce a kai ta Yawuri ba.
Kai ka sa ta a kwando, ka rufe but,
ka kai ta inda ba ta san bishiya ko ɗaya ba,
ka jefa ta sama,
jarinka ɗaya: ka san tana son gidanka.
Da ita ta fara dira kan rufin nan,
da teburin mai shayi bai huta da labarinta ba,
da hotonta ya zaga wayoyin unguwa.
Wanda ya rubuta lambarsa a ƙafar mai rai
ya sa hannu ke nan,
ranar nasara da ranar shaho.

Jabbi direba kullum yana wuce ƙofata zuwa garinku.
Kwali ɗaya a ƙarƙashin kujera,
ladansa goro da sannu.
Ko haka ba ka ce ba.

Nomau ya kawo reza zai yanke zoben,
wai ta zama tamu.
Na ce ajiye.
Tsintuwa amana ce, yaro,
kuma dubi inda take kallo:
tun da ta iya tsayuwa,
duk asuba baki arewa.

Yau kwana ashirin da uku.
Da hantsi na buɗe kwalin, Nomau ya juya baya.
Ta hau tarin tayoyi, ta girgije,
ta kewaya tashar mota sau biyu,
fiffiken yana ɗan karkata,
sannan ta miƙe, ko waiwaye.

Na kira, wayarka a kashe.
Shi ya sa nake wannan rubutu a bayan takardar siminti,
Jabbi zai miƙa maka.
In ta iso kafin shi,
buɗe mata akurki, ka zuba ruwa mai tsabta.
Tafiyar da ka ƙi yi a mota
ita ta ɗauke ta da fiffike ɗaya da rabi.